Daga Filadelfiya Zuwa Zuba: Kafuwar Gwamnatin Amurka da Abin da Muka Aro

 

An nemi in yi magana a kan yadda aka kafa gwamnatin Amurka da yadda ta miƙe a shekarunta na farko. Na san akwai mai cewa a ransa: mu da muke fama da tsadar abinci da cunkoson motoci a hanyar Kaduna, ina ruwanmu da abin da Turawa suka yi a ƙasarsu fiye da shekara 200 da suka wuce? Ruwanmu yana nan kusa. Mutumin da yake zaune a Madalla, wanda ko da ƙafa yana iya zuwa wannan taro, yana zaɓen gwamna, yana zaɓen ɗan majalisar dokokin jiha. Mutumin nan Zuba, da yake cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, ba ya zaɓen ko ɗaya. Minista ake naɗa masa, Majalisar Tarayya kuma ita take yi masa doka. Wannan tsari, na a ware wa babban birni ƙasar da ba ta kowace jiha ba ce, Amurkawa ne suka fara shi a zamanin nan, kuma wani tsoro ne da ya kama 'yan majalisarsu a 1783 ya haife shi.

Kafin a kai ga wannan shekara, yankuna 13 ne a gaɓar Tekun Atlantika, duk a ƙarƙashin Sarkin Ingila, kowanne da gwamnansa da majalisarsa. Da Ingila ta gama yaƙi da Faransa a 1763, bashi ya yi mata katutu, sai ta ɗora wa waɗannan yankuna sababbin haraji. Su kuwa suka ce majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da hurumin taɓa aljihunsu. Ku riƙe wannan ƙorafi da kyau, domin ƙasar da aka kafa a kansa ita ce daga baya ta yi wa mazauna babban birninta irin abin da ta yi kuka da shi. Yaƙi ya ɓarke a 1775, aka ayyana 'yancin kai ranar 4 ga Yuli 1776, Ingila ta haƙura ta sa hannu a yarjejeniyar Faris a 1783. A daidai waɗannan shekaru ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara fita wa'azi daga Degel a ƙasar Gobir. Labarin ba shi da nisan da muke zato.

Gwamnatin farko da suka kafa ba ta yi ƙarko ba. Yarjejeniya ce ta ƙawance tsakanin jihohi 13, wadda ta fara aiki a 1781. Majalisa ɗaya ce tak, kowace jiha ƙuri'a ɗaya, babu shugaban ƙasa mai zartarwa, babu kotunan tarayya na dindindin. Mafi muni, majalisar ba ta da ikon sa haraji. Sai dai ta roƙi jihohi, wadda ta ga dama ta bayar, wadda ba ta ga dama ba ta yi shiru. Da aka nemi a ba ta ikon karɓar kuɗin fito a kan kayan da ake shigowa da su, jiha ɗaya ƙarama, Rhode Island, ta ce ba ta yarda ba, maganar ta mutu, domin gyaran yarjejeniyar sai da amincewar kowa da kowa.

Gwamnatin da ba ta da kuɗi ba ta biyan sojanta. A watan Yunin 1783 sojoji kimanin 400 da suke bin albashi suka kewaye ginin da majalisa take zama a Filadelfiya. 'Yan majalisa suka nemi gwamnatin jihar Fensilbaniya ta kira dakarunta su kare su. Gwamnatin jihar ta ƙi. Sai ga majalisar ƙasa guda ta tattara takardunta ta gudu Princeton, daga can Annapolis, daga can Trenton, kafin ta sami wurin zama a New York. Waɗanda suka ga wannan wulaƙanci ba su manta ba. Darasin da suka ɗauka shi ne gwamnatin tarayya ba za ta sake zaman ɗan haya a gidan wata jiha ba.

Bayan shekara uku manoman yammacin Massachusetts, da yawansu tsofaffin sojoji da bashi da haraji suka ci gonakinsu, suka yi bore, ɗaya daga cikin jagororinsu Daniel Shays, suka hana kotuna zama. Gwamnatin tsakiya ba ta iya tura ko runduna ɗaya ba. Wannan ne ya firgita masu dukiya da manyan ƙasa har suka yarda a taru a Filadelfiya a watan Mayun 1787.

Mutum 55 ne suka halarta, daga jihohi 12, domin Rhode Island ba ta tura kowa ba. Janar George Washington ya shugabanci zaman. Suka rufe ƙofa, suka yi alkawarin abin da aka faɗa a ciki ba zai fita ba, suka yi kusan wata huɗu suna gardama. An turo su ne su yi wa tsohuwar yarjejeniya kwaskwarima, sai suka ajiye ta gefe suka rubuta sabon kundin tsarin mulki. Muna da labarin abin da ya gudana ne saboda James Madison na Bajiniya ya riƙa rubuta bayanan kowace rana.

Ina so ɗalibanmu su kula da abu ɗaya a nan. Ana yawan ba mu labarin waɗannan mutane kamar waliyyai ne da suka zauna aka yi musu ilhama. Ba haka ba ne. Ciniki suka yi, irin wanda kowa a wannan gari ya sani a kasuwar 'ya'yan itace: mai kaya ya yi suna, mai saye ya taya, a yi albarka, a tashi kamar za a rabu, sannan a dawo a sallama. Manyan jihohi irin Bajiniya, mai mutane fiye da 700,000, suka ce a raba kujerun majalisa bisa yawan jama'a. Ƙananan irin Delaware, wadda ba ta kai 60,000 ba, suka ce in haka ne an haɗiye su ke nan. Taron ya kusa watsewa. A tsakiyar Yuli aka amince da shawarar wakilan Connecticut: majalisa biyu, ta Wakilai bisa yawan jama'a, ta Dattawa kuwa kowace jiha kujera biyu, babba da ƙarama. Abin da ya sa yau Bayelsa da Kano suke da sanata uku-uku, alhali a Majalisar Wakilai Kano tana da 24, Bayelsa tana da 5, ga tushensa nan.

Suka raba iko gida uku: masu yin doka, masu zartarwa, masu shari'a, suka kuma sa kowanne ya riƙe wa ɗan'uwansa linzami. Shugaban ƙasa yana iya ƙin sa hannu a doka, majalisa tana iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, tana kuma iya tsige shi. Shi ne yake zaɓo alƙalai da ministoci, amma sai Majalisar Dattawa ta tantance. Hujjarsu ita ce ba a gina gwamnati a kan zaton cewa duk wanda ya hau mutumin kirki ne. Wannan tunani na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Akwai cinikin da ba na iya wuce shi da sauri, domin a kan 'yan'uwanmu aka yi shi. A ƙidayar farko ta 1790 Amurka tana da mutane kusan miliyan 4, kimanin 700,000 daga cikinsu bayi ne baƙar fata. Jihohin kudu suka ce a lissafa bayinsu cikin jama'a don kujerunsu su ƙaru, alhali bayin ba su da ƙuri'a, ba su da bakin magana a kotu. Na arewa suka ƙi. Aka daidaita a kan a lissafa uku cikin kowane bawa biyar. Aka kuma rubuta cewa majalisa ba za ta hana shigo da bayi daga Afirka ba kafin 1808, kuma bawan da ya gudu wata jiha a mayar da shi ga ubangidansa. Washington yana da bayi, Madison yana da bayi, Thomas Jefferson da ya rubuta takardar 'yancin kai shi ma yana da su. Sun san abin da suke yi. Sun sayi haɗin kan jihohinsu da 'yancin wasu, jikokinsu kuma suka biya bashin da jini a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, inda fiye da mutum 600,000 suka mutu. Mata ma ba sa cikin lissafi, kuma a yawancin jihohi namijin da ba shi da kadara ba ya jefa ƙuri'a. 'Yan asalin ƙasar kuwa, waɗanda aka tarar a wurin, filayensu ake hari.

A cikin wannan kundi aka saka wani ɗan sakin layi da ya ba majalisa cikakken iko a kan wani yanki da bai wuce mil goma tsawo, mil goma faɗi ba, wanda zai zama mazaunin gwamnati. Maganin abin da ya faru a 1783 ke nan. Mutum 39 suka sa hannu ranar 17 ga Satumba 1787, sannan aka kai wa jihohi. Masu adawa sun yi yawa, kuma ba sakarkaru ba ne. Sun ce gwamnatin tsakiya ta yi ƙarfi da yawa, kuma babu inda aka rubuta haƙƙin talaka. Madison da Alexander Hamilton da John Jay suka rubuta maƙaloli 85, galibi a jaridun New York, suna kare kundin. A ɗaya daga cikinsu Madison ya taɓo mazauna yankin babban birni, ya nuna cewa lalle za a bar musu majalisar gari da za su zaɓa da ƙuri'arsu. Duk da haka kundin bai samu karɓuwa a wasu manyan jihohi ba sai da aka yi wa masu adawa alkawarin gyara. An cika alkawarin a 1791 da gyare-gyare goma da suka tabbatar da 'yancin addini, da na faɗin albarkacin baki, da na jarida, da shari'ar adalci. Wato ɓangaren kundin da Amurkawa suka fi alfahari da shi yau, waɗanda suka sha kaye a gardamar ne suka tilasta shi.

Washington ya yi rantsuwar kama aiki a New York ranar 30 ga Afrilu 1789. To, ina za a kafa birnin? Nan ma ciniki aka yi. Hamilton, ministan kuɗi, yana so gwamnatin tarayya ta ɗauki bashin yaƙin da ake bin jihohi, kimanin dala miliyan 25. Jihohin kudu da suka riga suka biya yawancin nasu suka ce ba za su biya wa wasu ba. A 1790 Jefferson ya haɗa Hamilton da Madison a gidansa a kan abincin dare. Kudu ta sassauta a kan bashi, arewa ta sassauta a kan babban birni, aka yanke a gina shi a bakin Kogin Potomac, a ƙasar da Maryland da Bajiniya suka bayar. Gwamnati ta tare a can a 1800. Bayi suna cikin waɗanda suka fasa duwatsu suka ɗora tubalin fadar shugaban ƙasa da ginin majalisa.

Wurin ba fili ne fetal ba. Akwai garuruwa biyu da suka riga birnin, Georgetown da Alexandria, akwai gonaki. A Georgetown ɗin nan akwai wani dattijo Musulmi da ake kira Yarrow Mamout, wanda masana tarihi suke ganin Bafulatani ne daga Afirka ta Yamma. An kawo shi a jirgin bayi a 1752, ya yi shekara 44 cikin bauta, ya sami 'yanci a 1796, ya yi ta aikin ƙarfi har ya sayi gida. Ya iya rubutun Larabci, bai bar sallarsa ba, kuma zanen fuskarsa da aka yi a 1819 yana nan har yau. Ina ambatonsa ne don mu san akwai namu a cikin mazaunan farko na wancan yanki.

A 1801 majalisa ta karɓi ragamar yankin, mazaunansa suka wayi gari su ba 'yan Maryland ba, su ba 'yan Bajiniya ba. Ƙuri'ar da suke jefawa ta zaɓen 'yan majalisar ƙasa da shugaban ƙasa ta tafi. Mutanen Alexandria suka yi ta ƙorafi har aka mayar da ɓangarensu ga Bajiniya a 1846. Sauran kuwa, a 1874 aka ƙwace ko zaɓen hukumar gari, aka koma naɗa musu kwamishinoni, haka aka yi ta tafiya kusan shekara 100. Sai a 1961 aka gyara kundi suka sami damar zaɓen shugaban ƙasa. Sai a 1973 aka yi dokar da ta ba su magajin gari da majalisar birni da suke zaɓa. Har gobe ba su da sanata, wakilcinsu a Majalisar Wakilai kuma kujera ɗaya ce marar ƙuri'a a zauren majalisa, ga shi suna biyan harajin tarayya kamar kowa.

Me ya riƙe gwamnatin nan ba ta rushe ba a shekarunta na farko? A ganina ba takardar ba ce kaɗai. Washington ya yi wa'adi biyu ya koma gonarsa a 1797, alhali babu dokar da ta hana shi neman na uku. Jam'iyyu suka kunno kai, gaba ta yi tsanani, har gwamnatin John Adams ta yi dokar da aka ɗaure 'yan jarida da ita a 1798. Amma da Adams ya faɗi zaɓen 1800, ya bar wa abokin hamayyarsa Jefferson kujera a watan Maris 1801 ba tare da an harba bindiga ba. A 1803 kuma Kotun Ƙoli ƙarƙashin John Marshall ta yanke cewa tana da ikon soke dokar da ta saɓa wa kundi. Halayen da aka saba da su ne suka ba rubutun rai.

Yanzu mu dawo gida. Mun karɓi 'yanci a 1960 da tsarin Ingila, na firaminista. Juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa suka biyo baya. Da Janar Murtala Ramat Muhammed ya hau a 1975, ya yi abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Ya kafa kwamitin rubuta kundi ƙarƙashin Cif Rotimi Williams a watan Oktoba, ya kuma nuna musu cewa gwamnati ta fi son tsarin shugaba mai cikakken iko wanda ƙasa duka za ta zaɓa. Wannan ne ya zama kundin 1979 da Alhaji Shehu Shagari ya yi rantsuwa a kansa. Ya kuma kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a kan babban birni. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Dokar Soja mai lamba 6, daga ƙasashen jihohin Neja, Filato da Kwara. Bayan kwana goma aka kashe Murtala, Allah ya jiƙansa. Gamayyar kamfanonin Amurka ce ta zana babbar taswirar birnin, gwamnati kuma ta tare ranar 12 ga Disamba 1991.

Dalilinmu mai kyau ne, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙasar da ta fito daga yaƙi tana bukatar birni a tsakiya wanda babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. Kuskuren shi ne yadda aka riƙa magana kamar babu kowa a wurin. Iyayenmu da ke zaune a nan sun fi ni sani. Gbagyi suna nan, Koro suna nan, Gade, Gwandara, Ganagana, Bassa, Hausawa da Fulani. Sarautar Agora ta Zuba ta girmi Nijeriya. Lokacin da jihadi ya isa Zazzau a farkon ƙarni na 19, a ƙasar Zuba Sarki Muhammadu Makau ya yada zango da jama'arsa. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Sunan wannan gari aka ɗauka aka ba sabon birni, tsohon kuma aka kira shi Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Da farko an yi niyyar kwashe duk mazauna yankin a sake musu matsuguni a waje. Da aka ga kuɗin ba zai ɗauku ba, aka bar mafi yawansu a inda suke, amma doka ta riga ta ce duk ƙasar ta gwamnatin tarayya ce. Manomi yana noma gonar kakansa, wata rana ya ga an zo da takarda ana kafa duwatsu.

Ga inda aronmu ya zarce na masu abin. Su mil goma suka ware, murabba'in kilomita 260 ke nan a ƙiyasi. Mu mun ware kusan murabba'in kilomita 8,000, kusan ninki 30. Tsarin da aka yi don kare ginin majalisa da 'yan ofisoshi, mun shimfiɗa shi a kan masarautu da ƙauyuka da gonaki, daga Bwari har Abaji. Mene ne haɗin tsaron fadar shugaban ƙasa da makarantar firamare a Kwali, ko asibitin shan magani a Kuje, ko kwalbati a Zuba?

Adalci ya sa in faɗi inda muka fi su. Muna da sanata ɗaya mai cikakkiyar ƙuri'a, muna da 'yan Majalisar Wakilai biyu, muna zaɓen shugaban ƙasa, muna zaɓen shugabanni da kansiloli a ƙananan hukumomi shida, ciki har da tamu ta Gwagwalada. A 2023 kuma an naɗa Zaphaniah Jisalo minista, ɗan asalin yankin na farko da ya sami kujerar minista a gwamnatin tarayya. Amma mutumin da yake riƙe da filaye da kasafin yankin baki ɗaya, wato ministan yankin, ba mu muke sa shi ba, ba kuma mu muke cire shi ba. Yana iya zama haziƙi, yana iya zama akasin haka. Ko wanne ne, wanda ya naɗa shi yake saurara. Kasafin kuɗinmu kuma sanatoci 109 da wakilai 360 ne suke duba shi, uku kacal daga cikinsu ne za su dawo neman ƙuri'armu.

Abin da nake gani ya dace shi ne a bar wa gwamnatin tarayya tsakiyar birni, inda fada da majalisa da kotu da ofisoshin jakadanci suke, da duk abin da ya shafi tsaronsu. Sauran yankin a ba shi shugaba zaɓaɓɓe da majalisar dokoki zaɓaɓɓiya, ko me za a kira su, a kuma rubuta haƙƙin 'yan asali a kan gonakinsu da garuruwansu yadda kotu za ta iya kare shi. Wannan ba zai yiwu ba sai da gyaran kundin 1999, kuma sashe na 9 ya faɗi hanya: kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, kashi biyu cikin uku na Majalisar Wakilai, sannan amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. A wannan mataki na ƙarshe ba mu da majalisar da za a tambaya. Saboda haka aikin ya wuce a yi ta kai koke ofishin minista. Dole sarakunanmu da ƙungiyoyinmu da wakilanmu uku su tafi Minna, su tafi Lafiya, su tafi Kaduna da Lokoja, su fara da maƙwabta, su bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya har a tara 24. 'Yan kasuwa da direbobin wannan gari, waɗanda suka fito daga kowace jiha a Nijeriya, kowannensu yana da ɗan majalisa a gida da zai iya yi wa magana.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.